Yadda ake rubuta bayanin laimar kwaɗi ba tare da ka bi majiyarka sawu da ƙafa ba

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta bayanin wani nau'in laimar kwaɗi, ko a Wikipedia ta Hausa ne, ko a furojet ɗin makaranta, ko a shafinsa na kansa, ya san inda gizo ke saƙar. Takardun masana wannan fannin a bushe suke ƙayau, jimlolinsu gajeru, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi, a fara da hula, a gangaro kan fallayen nan da ke ƙarƙashinta, sai kara, sai zobe in akwai, sai tsoka da wari, sannan a shiga abin da sai da madubin kimiyya ake gani, a ƙare da inda take fitowa. Toh kai kuma ka buɗe takardar a gefe ɗaya na kwamfuta kana rubutu a ɗaya gefen, kafin ka ankara ka bi mutumin layi bayan layi, inda ya ce "babba" ka ce "mai girma", inda ya ce "tana fitowa" ka ce "tana tsirowa", shikenan a ganinka ai ka canza. Ba abin da ka canza ɗan'uwa. Kamar wanda ya ɗauke babur ɗin wani ne ya sake masa fenti, lambar inji tana nan daram, mai shi na gani zai gane abinsa.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya yi mana katutu mu masu rubutu da Hausa, wai tunda takardar da Turanci take ni kuma da Hausa na rubuta ai na fita. A'a. Fassara ma tana cikin haƙƙin mai rubutun asali, in ka juya sakin layinsa zuwa Hausa jimla-jimla toh nasa ne har yanzu, riga kawai ya sake. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 rubutun mutum yana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, ka ga kenan mafi yawan littattafan da muke amfani da su ba su kusa fita ba.

Amma kar wannan ya tsorata ka, dan ba komai ne aka hana ka ɗauka ba. Gaskiyar abu ba ta da mai ita. Cewa hular wata laima tana kai santimita 30, ko garin irinta (ƙurar nan da ke zubowa daga fallayen) kore ne, ko an fara bayyana ta a shekara kaza, wannan ba mallakin kowa ba ne, kowa zai iya faɗa in dai ya nuna daga inda ya samo. Abin da yake na marubucin shi ne ginin, wato yadda ya jera maganar, wacce ya sa a gaba wacce ya sa a baya, kalmomin kwatance da ya zaɓo, da salon jimlarsa. Dan haka aikin naka shi ne ka kwashe gaskiyar ka bar masa gininsa.

Abu na farko, tun kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka tara majiya fiye da ɗaya. Mai majiya ɗaya tal shi ne ya fi kowa faɗawa wannan ramin, saboda ba shi da wata murya a kunnensa sai ta mutum ɗaya. Ka fara da tabbatar da sunan a Index Fungorum ko MycoBank, shafukan intanet ne na sunayen kimiyya na laimar kwaɗi da danginta, kyauta ne dukkansu, za su nuna maka sunan da ake amfani da shi yanzu da tsoffin sunaye. Bari mu ɗauki Chlorophyllum molybdites mu yi aiki da ita har ƙarshe, wata farar laima ce babba da ke fitowa a filin ciyawa bayan ruwan sama a ƙasashe masu ɗumi. Meyer ne ya fara bayyana ta a 1818 da sunan Agaricus molybdites, sai Massee ya mayar da ita Chlorophyllum a 1898, kuma a tsoffin littattafai za ka gan ta da sunan Lepiota molybdites ko Lepiota morganii. Amfanin sanin waɗannan sunayen shi ne in ka bincika da kowannensu sai ka samu takardu daban-daban, wani masanin rarrabe jinsi ne, wani likita ne da ya rubuta kan waɗanda suka ci suka kwanta, wani kuma littafin masu yawon daji ne. Uku sun ishe ka farawa, in sun fito daga ɓangarori daban ya fi.

Na biyu, kuma a nan ne rabin aikin yake, ka farfasa abin da ka karanta. Ɗauko takarda da biro, na fi son takarda a kan buga shi a waya dan hannu ba ya yarda ya kwafi doguwar jimla, gajiya yake. Kar ka rubuta jimla ko ɗaya cikakkiya, gutsi-gutsi kawai, kowanne da alamar majiyar da ya fito. Kamar haka:

hula – fara, ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa, har 30 cm (A, B)
fallaye – ba sa taɓa kara, fari → kore in ta manyanta (A, B, C)
garin iri – kore (duka)
zobe – akwai, yana motsi (A)
wuri – ciyawa, bayan ruwa, wani lokaci a da'ira (B, C)
guba – amai, gudawa, awa 1 zuwa 3 (C)

Ka lura ban bi jerin majiya ɗaya ba, na haɗe su ne bisa maudu'i, in A da B sun faɗi abu ɗaya layi ɗaya suke samu. In kuma sun saɓa, misali wani ya ba da faɗin hula ƙarami wani babba, ka rubuta duka biyun kar ka raba tsakiya ka ƙirƙiro lambar da ba wanda ya faɗa. Sannan duk wata kalmar kwatance mai daɗi da ta burge ka a majiya, irin a ce hular ta yi kama da wani abu ko warinta kamar na wani abu, ka ja mata layi ka rubuta "nasa ne" a gefe, dan irin waɗannan su ne ke maƙalewa a kai su dawo cikin rubutunka ba ka sani ba.

Daga nan ka rufe majiyoyin gaba ɗaya. Ba wai ka matsar da shafin gefe ba, rufe shi. Tashi ka yi salla, ka ci abinci, in da hali ma ka bari sai gobe. Ƙwaƙwalwa tana riƙe kiɗan jimla na ɗan lokaci, in ka zauna nan take za ka ga kana maimaita ta ko da takardar ba ta gabanka.

In ka dawo, kafin ka fara, tambayi kanka wa kake rubuta wa. Shi masanin da ya rubuta takardar 'yan'uwansa masana yake wa magana, shi ya sa ya fara daga hula ya gangaro, dan mai riƙe da samfur a ɗakin bincike ya bi ya gwada. Kai kuma mai karatunka wataƙila ɗalibi ne, ko manomi da ya gan ta a bayan gida, ko uwa da ɗanta ya tsinko ya kai baki. Tambayarsu daban ce: mece ce wannan, a ina ake ganinta, ana ci ko ba a ci, da me zan gane ta, da wacce ake rikita ta. In ka jera bayaninka bisa waɗannan tambayoyin, ginin majiyar ya riga ya rushe da kansa, ba sai ka yi ta kokawa da kalmomi ba.

Bari in nuna a aikace. Ga wani sakin layi da na tsara da kaina a irin salon da suke rubutu, mu ɗauka shi ne majiyar:

"Hula mai faɗi har santimita 30, dunƙulalliya da farko, daga baya ta baje, fara, da ɓawo ruwan ƙasa da ya fi yawa a tsakiya. Fallaye ba sa haɗe da kara, a matse, farare, suna komawa kore da girma. Kara siriri, da zobe mai motsi. Garin iri kore."

Ga yadda mai bin sawu zai yi:

"Hular tana da girman da ya kai santimita 30, a farko a dunƙule take sannan ta buɗe, launinta fari ne da ɓawo mai ruwan ƙasa musamman a tsakiya. Fallayenta ba su manne da kara ba, suna kusa da juna, farare ne amma sukan zama kore idan ta girma. Karan ba shi da kauri kuma yana da zobe da ke motsawa. Garin irinta kore ne."

Kusan kowace kalma an taɓa ta, amma ɗora su gefe da gefe ka gani, faɗi, siffa, launi, ɓawo, fallaye, kara, zobe, iri, ko ɗaya bai bar layinsa ba. Wannan shi ne ainihin abin da ake gudu. Yanzu ga wanda aka gina daga gutsattsarin takarda:

"Abin da ya fi raba wannan laima da masu kama da ita shi ne launin irinta. Idan aka cire hular aka kifa ta a kan farar takarda ta kwana, garin da zai zubo kore ne, kuma wannan garin ne ke sa fallayen tsohuwar laima su rine su bar farin da suka fara da shi. Ƙarama kam ba ta nuna koren ba tukuna, a nan ne masu tsinta ke ruɗuwa su ɗauka mai ciwuwa ce. Babba ce sosai, hular takan kai santimita 30 idan ta gama bajewa, fara mai ɓawo ruwan ƙasa, kuma akwai zobe a karan da za a iya turawa sama ko ƙasa. Fallayen ba sa kaiwa jikin karan."

Ka ga bambancin? Lambar tana nan, gaskiyar tana nan, amma an fara da abin da ya fi amfani, an haɗa abu biyu da majiyar ta raba (launin iri da launin fallaye, tunda ɗaya ne ke jawo ɗaya), an shigo da bayanin ruɗuwa daga wata majiyar, an kuma zubar da abin da mai karatu ba ya buƙata. Zubarwar nan ma dabara ce babba, ba dole ba ne duk abin da masani ya lissafa ya shiga naka, in ka kwashe komai da komai to zaɓinsa ka kwafa.

Toh amma a nan zan ja kunne sosai, dan laimar kwaɗi ba kamar rubutu kan tarihin wani gari ba ne da in ka ɗan kauce ba wanda zai mutu. Wasu garin gudun kwafi sai su shiga canza abin da ba a canzawa, kuma wallahi wannan ya fi kwafin haɗari. Lambobi ba a taɓa su. In majiya ta ce 5 zuwa 15 kar ka mayar da shi "kusan 10". In ka ga an rubuta awon ƙwayar iri kamar (7–)8–10(–12), na cikin baka ɗin su ne waɗanda ba a cika samu ba, na tsakiya su ne na yau da kullum, ko dai ka kawo shi yadda yake ko ka ce yawanci 8 zuwa 10, amma kar ka ce 7 zuwa 12 kamar duk ɗaya ne. Ma'aunin ma ka kula, maikiromita ce ba milimita ba, tsakaninsu ninki dubu ne. Haka ƙananan kalmomin nan na taka-tsantsan, "sau da yawa", "wani lokaci", "da wuya", in ka yar da su ka mayar da abin da kan faru wani lokaci ya zama doka.

Kalmomin fanni ma haka. Fallayen da ba sa taɓa kara daban, waɗanda suka manne da shi daban, waɗanda suka gangara jikinsa kamar na laimomin jinsin Pleurotus daban, kowanne alama ce ta gane jinsi, ba ado ba ne da za ka musanya dan jimla ta yi daɗi. Ɗauki Amanita phalloides, wadda ta fi kowace laima kashe mutane a duniya, asalinta Turai amma ta bazu har Kalifoniya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Alamominta farin fallaye da ba sa taɓa kara, farin garin iri, zobe, da wata 'yar jaka da ta lulluɓe gindin karan wadda sau da yawa tana binne a ƙasa. In garin taƙaitawa ka bar jakar nan, ko ka kira ta "kumburi a gindi", ka cire alamar da ta fi muhimmanci. Gubarta hanta take ci, dafuwa ba ta kashe ta, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan awa 6 ko fiye, wani lokaci har kwana guda, mutum ma yakan ji kamar ya samu sauƙi kafin hantar ta gaza. Irin wannan bayanin ka faɗe shi da bakinka amma kar ka rage masa ko ƙwayar zarra, kuma ka sa majiya a kan kowace jimla. Sannan ko da wasa kar ka rubuta "ana ci" in majiyar cewa ta yi "an ruwaito wasu na ci", ba ɗaya ba ne.

Wani zai ce to in kalmar fanni ba ta canzuwa, lamba ba ta canzuwa, ai dole a yi kama. Eh za a yi kama a waɗannan wuraren kuma ba laifi, "garin iri fari ne" ba ta da wata hanyar faɗa goma, ba mai hankalin da zai kama ka a kanta. Matsalar tana farawa ne in irin waɗannan gajerun suka jeru biyar, shida, bakwai a layin da majiya ta jera su. In awo ya yi yawa, mafita mai sauƙi ita ce ka zuba su a jadawali, faɗin hula, tsawon kara, awon iri, kowanne da majiyarsa, sai ka bar rubutun zube ya yi bayanin abin da awon ke nufi.

Bayan ka gama sai ka sake buɗe majiyoyin, yanzu aikin biyu ne. Na ɗaya ka duba ko ka yi kuskure, lamba bayan lamba. Na biyu gwajin sawu, kuma ga yadda nake ba da shawara a yi shi: ɗauki sakin layin majiyar ka sa wa kowane bayani lamba, 1, 2, 3 har ƙarshe, sannan ka nemo su a naka ka rubuta lambobin yadda suka zo. In ka samu 1, 2, 3, 4, 5 a jere toh koma ka sake, komai yawan kalmomin da ka canza. In ka samu irin 8, 6, 1, 3 da wasu daga wata majiyar a tsakani, ka tsira. Ka yi wannan da kowace majiya daban, dan wani yakan kuɓuce wa ta farko ya faɗa hannun ta biyu.

Kar ka dogara da manhaja. Turnitin da ake amfani da shi a jami'o'i da kuma Earwig's Copyvio Detector na 'yan Wikipedia suna da amfani wajen kama kalmomi iri ɗaya, amma rubutun Hausa da aka juyo daga Turanci zai iya wucewa sumul ba su ce uffan ba, kuma littafin da ba ya intanet ina za su gan shi. Ƙaramin kaso a manhaja ba shaida ba ce. Malamin da ya san littafin ko editan da ya buɗe majiyar zai gane cikin minti biyu. Manhajojin juya jimla kuwa ka yi nesa da su a wannan fannin, aikinsu kenan musanya kalma da 'yar'uwarta su bar gini, wato daidai abin da muke gudu, ga shi kuma su ne masu lalata kalmomin fanni.

Saura maganar nau'in da majiyarsa ɗaya ce ko biyu, dan akwai su da yawa musamman na Afirka. Ko shahararriya irin Termitomyces titanicus, wadda hularta kan kai mita guda kuma mutanen Zambiya sun daɗe suna cinta, sai a 1980 Pegler da Piearce suka bayyana ta a kimiyyance, to ina ga ƙananan da ba wanda ya waiwaya tun bayan takardar farko. In ka samu kanka a haka, rubuta gajere. Zaɓi alamomi uku ko huɗu da suka raba ta da 'yan'uwanta, ka ambaci masu binciken a cikin jimlar, "a bayanin waɗanda suka fara bayyana ta", sannan ka cike da bayanin dangin daga wasu majiyoyi. Misali a Termitomyces kana da abin faɗa sosai, Roger Heim ne ya kafa jinsin a 1942, gara ce ke noma su a cikin suri, kuma yawancinsu suna da wata doguwar jijiya da ke nutsawa ƙasa har ta kai inda garar ta yi musu gado. Wannan ya fi wa mai karatu amfani a kan dogon lissafin ƙwayoyin da ba zai taɓa gani ba.

In kuwa akwai jimlar da lallai sai da kalmomin mai ita za ta yi, kamar yadda wani tsohon masani ya kwatanta wari ko launi, sa ta cikin alamar zance, ka faɗi sunansa, ta zama gajera, in fassarawa ka yi ka ce fassararka ce. Sa majiya a ƙarshen sakin layi kaɗai ba ya halatta kwafi, majiya tana nuna inda ka samo bayani ne, ba izinin ɗaukar jimla ba ce.

Akwai kuma takardun da masu su suka sake su da lasisin CC BY (izinin kowa ya yi amfani da rubutu in ya ambaci mai shi), kamar na mujallun MycoKeys da IMA Fungus da PLOS ONE, waɗannan za ka iya ɗauka ko ka fassara kai tsaye matuƙar ka bayyana cewa daga can rubutun ya fito da sunan masu shi da lasisin. Amma duba ƙasan takardar da idonka, in ka ga NC (ban da kasuwanci) ko ND (ban da canzawa) a jikin lasisin to ba ya shiga Wikipedia, kuma iya sauke takarda kyauta ba ya nufin an yarda ka kwafa. Ga ɗalibi kuwa ko lasisin ya yarda sufabaiza ba zai yarda ba, dan shi a wajensa maganar ita ce waye ya yi aikin.

Wanda kuma ya riga ya wallafa rubutu yanzu ya gane ya bi sawu, kar ya tsaya gyaran kalma ɗaya-ɗaya a kan tsohon, ginin ne zai ci gaba da zama. Goge sashen gaba ɗaya, koma kan takarda da biro ka farfasa daga farko. In a Wikipedia ne ka rubuta dalili a taƙaitaccen bayanin gyara, sannan ka sanar da wani admin, saboda tsohon rubutun yana nan a tarihin shafin kowa na iya buɗewa, su ne ke da ikon ɓoye shi.